Rigimar Manomi Da Dillali A Kasuwar Wasiƙun Imel

Duk wanda ya taɓa yin sammako ya shiga kasuwar Mil 12 da ke Ketu, a nan Ikko, ya san yadda asuba take a wurin. Manyan motoci ne a jere, wasu da tumatirin Kadawa da Kura ta Jihar Kano, wasu da na Ɗanja ta Jihar Katsina, wasu kuma da albasar Aliero, kowace ta yi doguwar tafiya kafin ta iso. 'Yan dako suna saukewa, dillalai suna ciniki, masu sari suna leƙa kwanduna don su ga ko abin da ke ƙasa ya yi daidai da abin da ke sama.

Kwando ɗaya yakan bi ta hannu huɗu ko biyar kafin ya isa tukunya. Manomi ya cika, direba ya ɗauko, dillali ya karɓa, mai sari ya juye, ya tsince, ya sake zubawa cikin ƙananan mazubai, wani lokaci ma ya haɗa da na wata gona. Amma har ya isa hannun uwargida a Agege ko Ojota sunansa bai canja ba, tumatirin Arewa ne. In ya yi kyau a yaba wa Arewa, in kuwa an tarar da ruɓaɓɓe a ƙasa, to, manomin da bai ma san an juye kwandonsa ba shi zai sha zagi. Manomi ya ce shi lafiyayye ya zuba. Dillali ya ce da bai tsince ba, da ba wanda zai taya. Ga kuma gardamar da ake yi tun da aka shigo da akwatunan roba: wasu sun ce akwati ya fi kare kaya daga matsewa, wasu sun ce kwando ya fi araha, ba kuma sai an mai da shi Arewa ba kowa a ciki ba.

To, masu karatu, abin da ya sa muka fara da kasuwa shi ne, irin wannan rigima ce daidai ake yi shekara da shekaru tsakanin mutanen da suke rubuta manhajojin da ke ɗaukar wasiƙunmu na imel da mutanen da suke ƙunsa su su rarraba wa duniya. Wani zai ce ina ruwan mai sayar da albasa da rigimar masana kwamfuta a Turai da Amurka? Ruwansa ya yi tsaki kuwa. Ɗansa da imel ya yi rajistar jarrabawar shiga jami'a. Ƙanensa da imel yake neman aiki. Bankinsa ta imel yake aiko masa da bayanin ajiya. Wanda ya sami shiga akwatin imel ɗin mutum, sau da yawa ya sami hanyar canja masa kalmar sirri ta sauran wurare ke nan.

SU WANE NE MANOMAN, SU WANE NE DILLALAN?

Kowace manhaja rubutu ce, watau jerin umarni da mutum ya rubuta wa kwamfuta, layi bayan layi. Wasu kamfanoni suna kulle nasu rubutun, ba mai gani sai ma'aikatansu. Wasu mutane kuwa suna barin nasu a buɗe, kowa ya karanta, ya gyara, ya raba kyauta. Wannan ita ake kira buɗaɗɗiyar manhaja. Galibinmu Gmail muka sani a waya, shi kuwa na kamfani ne, a kulle yake. Amma wasiƙa ba ta tsayawa a gida ɗaya. Tana bi ta manyan kwamfutoci masu aikin gidan waya, kuma da yawa daga cikinsu da buɗaɗɗun manhajoji suke aiki, irin su Exim, wadda Philip Hazel ya fara rubutawa a Jami'ar Kambirij ta Ingila a 1995, da Postfix, wadda Wietse Venema ya fitar a 1998 yana aiki da kamfanin IBM. Haka kuma ofisoshi da makarantu da yawa masu adireshin imel na kansu, ta wata buɗaɗɗiyar manhaja mai suna Roundcube ma'aikatansu suke karanta wasiƙa.

Marubutan waɗannan manhajoji su ne manoman. Dillalan kuwa su ne ƙungiyoyin da suke tattara dubban manhajoji daga hannun marubuta dabam-dabam, su daidaita su don su zauna lafiya da juna cikin kwamfuta ɗaya, sa'an nan su ƙunsa su su raba. Babba daga cikinsu ita ce Debian, wadda Ian Murdock ya kafa a 1993 yana ɗalibi a Amurka. 'Yan sa-kai ne suke tafiyar da ita, ƙunshe-ƙunshenta kuwa sun haura 50,000. Daga hannunta kuma wasu dillalan, irin su Ubuntu, suke sari.

Saura kalmomi biyu. In wani ya ga kuskure cikin rubutu ya rubuta ɗan gyara, wannan gyaran shi ake kira faci, kamar dai facin taya ko na riga. Kafin a karɓi faci a manna shi cikin rubutun asali, al'ada ita ce wani masani dabam ya zauna ya karanta shi layi-layi, ya ga ko ya gyara abin da aka ce ya gyara ba tare da ya ɓata wani wuri ba. Wannan ita ce bita. Mu 'yan jarida mun san ta sarai, domin ba labarin da ke zuwa maɗaba'a sai ya bi ta hannun mai dubawa, kuma ba ɗan rahoton da bai taɓa jin haushin jan alƙalami a kan rubutunsa ba. Rigimar duka a kan tambaya biyu take: wa ke da ikon manna faci ba tare da bitar marubuci ba, kuma bayan an manna, sunan wa kayan za su ɗauka?

TSUNTSUN TSAWA YA KOMA KURCIYA

Rigimar da ta fi kowace suna ita ce ta Mozilla da Debian. Mozilla ita ce mai manhajar karanta wasiƙa da ake kira Thunderbird, watau tsuntsun tsawa, wadda cikakken bugunta na farko ya fito a watan Disamba na 2004, ita ce kuma mai Firefox ta yawo a intanet. Rubutun manhajojin nan a buɗe yake, kowa na iya gyarawa. Amma suna da tambari mallakar Mozilla ne.

A watan Fabrairu na 2006 wani jami'in Mozilla, Mike Connor, ya sanar da Debian cewa yadda take raba Firefox bai dace ba. Sharaɗin Mozilla biyu ne. Na farko, wanda zai yi amfani da sunan, tilas ya haɗa da tambarin. Na biyu, duk facin da aka manna sai an kawo Mozilla ta yi bitarsa ta amince. Hujjarta a fili take: in manhaja ta lalace a hannun mai amfani, sunan da ya gani a kai shi zai zarga, ba zai tsaya tambayar wane ne ya ƙunsa ba.

Ita ma Debian tana da hujjarta, ba kuwa ƙarama ba. Tun 1997 ta rubuta wa kanta ƙa'idoji cewa duk abin da za ta raba, dole kowa ya sami 'yancin gyara shi, kuma ba ta karɓar izinin da aka ba ta ita kaɗai ban da masu sari daga hannunta. Tambarin Mozilla kuwa a lokacin ba a yarda a taɓa shi ba, saboda haka ba shi da wurin zama a cikin kayanta. Bugu da ƙari, Debian takan riƙe bugu ɗaya na manhaja na tsawon shekaru, tana toshe masa kafofin ɓarayi da kanta bayan marubutan sun wuce zuwa sabon bugu, domin ofisoshin da ke dogara da ita ba sa son a riƙa canja musu kayan aiki kowane wata. In kowane faci sai ya jira sa hannun Mozilla, wa zai ɗauki alhakin kwanakin da kafa za ta zauna a buɗe?

Da aka kasa daidaitawa, sai Debian ta cire suna da tambari, ta ci gaba da raba kayan da sababbin sunaye. Firefox ta zama Iceweasel, Thunderbird kuwa ta zama Icedove, watau kurciyar ƙanƙara. Haka suka fito cikin bugun Debian na watan Afrilu na 2007. An yi ta zage-zage da gori, an ce Mozilla ta cika son iko, an ce Debian ta cika taurin kai. Masu amfani da yawa sun ruɗe, suna neman tsuntsu suna tarar da kurciya.

Sai da aka shekara goma. Mozilla ta sassauta sharaɗin tambarinta, ta kuma yarda cewa facin da Debian take mannawa ba ya rage ingancin kayanta. Ita kuma Debian ta koma bin wani bugu na musamman da Mozilla take kula da shi na dogon lokaci. Sunan Firefox ya dawo a 2016, na Thunderbird kuma a 2017. Abin lura a nan shi ne, duk tsawon shekarun nan ba wanda aka yaudara. Wanda ya buɗe Icedove ya san hannun Debian ya taɓa ta, ya kuma san ƙofar da zai kai kuka.

IDAN BITA TA YI NAWA

Rigima ta biyu ta nuna laifin da kan fito daga wajen marubuta. Akwai wata tsohuwar manhajar karanta wasiƙa mai suna Mutt, wadda Michael Elkins ya fara a 1995, masana kwamfuta suna ƙaunarta ƙwarai. Shekaru da yawa mutane suna ta aiko da faci na ƙarin amfani, amma karɓa ta yi wuya, aikin yana tafiyar hawainiya. Wani faci da ke nuna jerin akwatunan wasiƙa a gefen allo ya shafe shekaru yana yawo daga hannu zuwa hannu, dillalai suna manna shi da kansu, ba a shigar da shi cikin rubutun asali ba sai a 2016. A wannan shekara kuma wani mai suna Richard Russon ya tattara irin waɗannan facin da aka bari a waje, ya gyara su, ya fitar da su da sunan NeoMutt.

Debian ta ga masu amfani suna son ƙarin, sai ta riƙa zuba kayan NeoMutt cikin ƙunshin da ke ɗauke da sunan Mutt. A 2017 mai kula da Mutt, Kevin McCarthy, ya kai ƙara a fili cewa abin da Debian take rabawa da sunan Mutt ba Mutt ba ne. Gaskiyarsa kuwa, domin rubutu ne mai yawa wanda bai taɓa yin bitarsa ba, amma sunan aikinsa ne a kai. Daga bisani Debian ta raba ƙunshi biyu, Mutt dabam, NeoMutt dabam, kowa ya zaɓi wanda yake so. Darasin yana da fuska biyu. Dillali ba shi da ikon haɗa kayan gona biyu ya kira su da sunan gona ɗaya. Shi kuma manomin da ya bar mutane tsaye a bakin ƙofarsa shekara da shekaru, kada ya yi mamaki in sun gaji sun nemi wata hanya.

MANOMIN DA YA HANA A TAƁA KWANDONSA

Akwai kuma wanda ya ɗauki hanyar da ta fi kowace tsanani. Daniel Bernstein, masanin lissafi a Amurka, ya rubuta wata manhajar gidan waya mai suna qmail, domin ya gaji da yawan kafofin da ake samu a Sendmail, wadda ita ce ta mamaye aikin a wancan zamani. Ya amince da aikinsa har a 1997 ya sa ladan dala 500 ga duk wanda ya gano kafar ɓarawo a ciki. Amma ya kafa sharaɗi: ba wanda zai gyara qmail ya raba gyararriyar sai da izininsa. Bugu na ƙarshe da ya fitar na 1998 ne. Duniya ta ci gaba, bukatu suka ƙaru, dillalai ba su da ikon ƙunsa gyararriya, saboda haka kowane mai gidan waya sai ya ɗauko rubutun asali ya bi yana tsintar faci nan da can yana mannawa da hannunsa. Sai a ƙarshen 2007 ya saki manhajar ta zama ta kowa.

A 2005 wani mai bincike, Georgi Guninski, ya nuna wani kuskure a cikin qmail. Bernstein ya ƙi biyan ladan, bisa hujjar cewa kuskuren ba ya cutarwa sai an bar manhajar ta ci wurin ajiya mai yawan gaske, shi kuwa a ganinsa ba mai hankalin da zai bar ta haka ba tare da iyaka ba. Bayan shekara goma sha biyar, a watan Mayu na 2020, kamfanin bincike na Qualys ya nuna cewa ana iya bin wannan kuskure a shiga kwamfutar da aka ɗora wa qmail kamar yadda Debian ta ƙunsa ta. Marubuci ya ɗauka dillali zai sa iyaka, dillali ya ɗauka marubuci ya gama aikinsa. Kowa ya bar wa ɗan'uwansa, kafa kuwa ta zauna a tsakaninsu.

INDA BA A YI RIGIMA BA

Yanzu sai mu zo kan labarin da ya fi duka muni, abin mamaki kuma shi ne wanda ba a ɗaga murya a cikinsa ba. OpenSSL manhaja ce ta kulle saƙo. Ita ce take ƙera mabuɗan sirri da gidajen wayar intanet da yawa suke amfani da su don kada wani ya karanta wasiƙa a kan hanya. Ƙarfin mabuɗi ya dogara ne ga cewa ba wanda zai iya cankarsa, domin ana zaɓo shi ne daga adadin da ba ya ƙirguwa.

A 2006 mai kula da ƙunshin OpenSSL a Debian ya ga wata na'urar duba kurakurai tana ƙorafi a kan layi biyu na rubutun. Ya yi tambaya ga mutanen OpenSSL ko zai iya cire su, aka ba shi gajeriyar amsa wadda ya ɗauka izini ce, sai ya cire. Ba a zauna an yi wa facin cikakkiyar bita ba, bai kuma shiga rubutun asali ba inda idanun marubutan za su faɗa kansa. Ashe ɗaya daga cikin layukan nan biyu shi ne ginshiƙin zaɓen mabuɗi. Da aka cire shi, sai mabuɗan kowane iri da kwamfuta za ta iya ƙerawa suka koma ba su wuce 32,768 ba, adadin da ɓarawo zai gwada ɗaya bayan ɗaya cikin ɗan lokaci kaɗan.

Facin ya shiga a watan Satumba na 2006. Ba wanda ya lura sai da wani ɗan Debian daga ƙasar Ajantina, Luciano Bello, ya gano, aka sanar da duniya ran 13 ga Mayu, 2008. Watau wata ashirin ke nan ana ƙera makullan da ke kama da makullai alhali kuwa kowa na iya buɗe su, a Debian da kuma Ubuntu mai sari daga hannunta. Dole kowa ya zubar da mabuɗan da ya ƙera a wannan tsakani ya sake sababbi.

To, jama'a, a auna waɗannan labarai biyu. Rigimar tsuntsu da kurciya an yi ta shekara goma a bainar jama'a, an ɓata wa juna rai, amma iyakar hasarar mai amfani ita ce ruɗewar suna. Batun layi biyu kuwa an gama shi cikin ladabi da gajeriyar amsa, ba wanda ya ce wa wani kanzil, sai ga shi ya bar ƙofofin dubban mutane a buɗe wata ashirin. Abin da Mozilla ta nace a kai, a kawo faci a duba, shi ne daidai abin da aka rasa a nan. Masu iya magana sun ce gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Mai bitar da ya dawo maka da facinka ya ce sake, bai raina ka ba, ya tsare maka mutunci ne kafin kayan su fita kasuwa.

Har ila yau, kada a ɗauka duk mai kukan cewa bita ta yi nawa mai gaskiya ne. A 2022 wasu da ba a san ko su wane ne ba suka yi ta matsa wa Lasse Collin, mutumin da shi kaɗai yake kula da wata ƙaramar manhajar matse bayanai mai suna xz, cewa yana jinkirta karɓar faci, ya kamata ya ba wani dama. Ya ba wani mai kiran kansa Jia Tan. Wannan ya yi ta aiki kamar na kirki har aka saki jiki da shi, sa'an nan a farkon 2024 ya dasa ɓoyayyiyar ƙofa, ya kuma sa wani sashe nata cikin ƙunshin da ake ba dillalai kaɗai, ba cikin rubutun da kowa ke karantawa ba. Wani injiniya, Andres Freund, shi ya ga kwamfutarsa tana jinkirin kimanin rabin daƙiƙa, ya ƙi kau da kai, ya bi diddigi har ya tona asirin ran 29 ga Maris, 2024, kafin kayan su kai ga yawancin jama'a. Manyan tumatir a sama, ruɓaɓɓe a ƙasa, ba a Mil 12 kaɗai ake yinsa ba.

ABIN DA YA RAGE GARE MU

Mu a ƙasar nan galibi masu saye ne a wannan kasuwa, amma mun taɓa shiga dillanci. A shekarun 2000 wani kamfani na Nijeriya ya ƙunsa wani tsari mai suna Wazobia Linux, da Hausa da Yarabanci da Ibo, ko da yake bai ɗore ba. Yau kuma matasanmu da yawa, daga Ikeja har Kano da Zariya, suna koyon rubuta manhaja, wasu suna kula da imel ɗin ofisoshi, wasu suna fassara manhajoji zuwa Hausa. Ga su da shugabannin da ke ɗaukarsu aiki muke da shawara uku.

Ta farko, wanda ya gyara kayan wani, ya kai wa mai kayan gyaran ya duba. In an karɓa, duniya ta amfana kuma nauyi ya sauka daga kansa. In an ƙi, ya nemi dalili, domin watakila dalilin shi ne layin da bai gane amfaninsa ba. In kuwa ya ga lalle sai ya raba gyararren, to, ya rubuta abin da ya canja a fili, in canjin ya yi yawa ya sake suna. Wannan ya shafi mai fassara ma: fassarar da aka miƙa wa marubutan asali takan bi kowane sabon bugu, wadda aka riƙe a gida kuwa takan mutu tare da kamfanin da ya yi ta.

Ta biyu, duk ma'aikatar da ke da imel na kanta, ta tambayi mai kula mata da shi: wace manhaja muke amfani da ita, daga hannun wa muka karɓa, yaushe aka sabunta ta? A watan Yuni na 2025 masu Roundcube suka toshe wata kafa da ta shekara fiye da goma a cikin rubutunsu ba a gani ba, kuma cikin 'yan kwanaki ɓarayi suka fara neman waɗanda ba su sabunta ba. Gyara ya fito kyauta, amma gyaran da ba a ɗora ba bai tsare kowa ba. Kyautar manhaja ba ta ɗauke wa ofis albashin wanda zai kula da ita.

Ta uku, shugaban da ya ga ma'aikatansa biyu suna gardama a kan rubutun manhaja, kada ya yi saurin raba su da cewa a yi haƙuri a wuce. Ya bar su su gama, muddin a kan aiki suke yi ba a kan mutuncin juna ba. Ofishin da mutum ɗaya ke rubutawa, shi ke dubawa, shi ke ɗorawa, ba a jin hayaniya a cikinsa, amma shi ya fi kowane zama cikin haɗari.

Gobe da asuba motoci za su sake isowa Ketu, manomi da dillali za su sake zargin juna, kuma ba ɗayansu da zai iya rabuwa da ɗan'uwansa, domin manomi ba zai bar gona ya zo Ikko talla ba, dillali kuma ba shi da abin sayarwa in ba a noma ba. Zo mu zauna, zo mu saɓa. Mai saye ba ya bukatar su daina gardama. Abin da yake bukata shi ne, wanda ya juye kwando ya faɗa cewa ya juye, a kuma bar shi ya leƙa har ƙasa kafin ya biya.

Sai mun haɗu a mako mai zuwa.